Kura da Shan Bugu: Matan da Tarihin Fiziks Ya Tsallake

Mu dai malaman adabi ne. Abin da muka sani shi ne waƙa da zube da wasan kwaikwayo, kuma rabonmu da darasin Fiziks tun ranar da aka raba ajinmu gida biyu a sakandare, aka tura gwanayen lissafi ɓangaren kimiyya, mu kuwa aka nuna mana hanyar adabi da tarihi. Saboda haka idan mai karatu ya ga kan wannan rubutu ya ce me ya haɗa kifi da kaska, bai yi laifi ba. Abin da ya haɗa su tambayar wata yarinya ce, wadda ta same mu da digiri uku a rataye a bango amma muka kasa ba ta amsa.

Wata ranar Lahadi da daddare, a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, muna zaune muna duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai 'yarmu ta fari ta yi sallama ta shigo riƙe da littafinta na Fiziks. Tana aji biyu na babbar sakandare. Ta durƙusa a gefe ta buɗe shafin da aka jera ma'aunai, ta shiga karantowa: Newton, Joule, Watt, Ampere, Ohm, Pascal, Kelvin. Sannan ta ce, "Baba, ashe duk waɗannan sunayen mutane ne, kuma duk maza. Wani malaminmu ya ce dalili ke nan da ya sa Fiziks ba fagen mata ba ne, mu dai mu lallaɓa mu ci jarrabawa mu nemi aikin jinya. Gaskiya ne mata ba su gano komai ba?"

Muka gyara zama irin na malamai muka ce, "A'a, ai akwai Marie Curie." Ta ce, "Ita kaɗai?" Nan fa muka yi shiru. Ta jira kaɗan, da ta ga babu abin da zai biyo baya sai ta rufe littafinta ta yi mana sai da safe. Daren nan ba mu ƙara duba takarda ko ɗaya ba, domin mun lura cewa shirun da muka yi ya gaskata malaminta fiye da duk abin da shi ya faɗa. Kashegari muka nufi laburare, muka kuma ɗauki ƙafa zuwa Sashen Fiziks wurin wani abokin aikinmu, muka aje girman kai muka zama ɗalibai. Abin da muka tsinto a makonnin da suka biyo baya shi ne muke son mu raba da masu karatun wannan mujalla.

Da farko, ita kanta Marie Curie da muka fake da ita, da ƙyar ta sha. A shekarar 1903, takardar da masanan Faransa suka aika wa kwamitin lambar Nobel sunayen maza biyu ta ɗauka, wato Henri Becquerel da mijinta Pierre Curie. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, shi ya tsegunta wa Pierre abin da ake ciki, shi kuma ya rubuta cewa aikin nasu ne su biyu. Da haka sunanta ya shiga. Ke nan wadda duniya ta fi sani ma wasiƙa ɗaya ce ta tsaya tsakaninta da mantuwa.

Wadda labarinta ya fi tsaya mana a rai ita ce Lise Meitner. An haife ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1878, ta sami digirin dakta a Fiziks a 1906, sannan ta tafi Balin ta ƙasar Jamus a 1907. A can ta haɗu da wani matashin masanin Kemistiri mai suna Otto Hahn, suka ƙulla aikin da ya ɗauke su shekara talatin. A lokacin ba a yarda mata su shiga ɗakunan bincike na cibiyar Kemistiri ba, don haka aka ba ta wani ɗaki a ƙarƙashin gini wanda a da kafinta ke aiki a cikinsa, mai ƙofarsa daban ta waje. Shekarunta na farko duk ba albashi ta yi su. A hankali aikinta ya yi mata magana: ita da Hahn suka gano sinadarin furotaktiniyom a tsakanin 1917 da 1918, kuma a 1926 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin farfesa a Fiziks a ƙasar Jamus.

Daga 1934 ta jawo Hahn cikin wani sabon bincike, daga baya Fritz Strassmann ya shigo ya zama na uku. Suna harbin ƙwayar zarrar yuraniyom, wato ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron, don su ga abin da zai fito. Ana cikin haka sai siyasa ta shigo. Meitner Bayahudiya ce ta asali, kuma abin da ke kare ta daga dokokin Hitila shi ne kasancewarta 'yar Ostiriya. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a watan Maris na 1938, wannan kariya ta faɗi. A watan Yuli na shekarar ta sulale ta kan iyakar Holan da 'yan kayan sawa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sai wani zoben lu'ulu'u na mahaifiyar Hahn da ya ba ta ko za ta buƙaci sayen hanya. Tana gab da cika shekara sittin ta bar ɗakin bincikenta da duk abin da ta gina, ta sauka a Suwidin a matsayin 'yar gudun hijira.

Amma aikin bai yanke ba, ya koma ta wasiƙa. A watan Nuwamba ta sadu da Hahn a asirce a birnin Kofanhegan, ta nuna masa cewa sakamakon da suke samu bai zauna ba, a sake gwaji. A watan Disamba Hahn da Strassmann suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Yuraniyom lambarsa 92 a jerin sinadarai, kuma abin da kowa ke zato shi ne idan an harbe shi zai koma wani sinadari da ke maƙwabtaka da shi. Sai ga bariyom ya bayyana, mai lamba 56, wanda bai fi rabinsa da kaɗan ba. Hahn ya rubuta wa Meitner yana neman ta samo bayani, domin a iya sanin masana na wancan lokaci wannan abu ba mai yiwuwa ba ne.

Wasiƙar ta same ta dab da hutun Kirsimeti, wanda ta yi a wani ƙaramin gari mai suna Kungälv tare da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch, shi ma masanin Fiziks. Suna tafiya cikin ƙanƙara suna tattaunawa, suka zauna a kan wani kututture suka shiga lissafi a 'yan guntayen takardu. Suka ɗauki cibiyar ƙwayar zarra kamar ɗigon ruwa, yadda Niels Bohr ya taɓa siffanta ta. Idan ɗigon ya yi girma sosai aka kuma girgiza shi, zai miƙe, ya yi ƙugu a tsakiya, ya rabu biyu. Idan an cire 56 daga 92 saura 36, lambar sinadarin kiripton ke nan. Meitner ta lissafa nauyin ɓangarorin biyu ta ga sun gaza nauyin asali da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin furoton guda. Da ta sa wannan gibi a cikin ƙa'idar Einstein wadda ta ce nauyi kan rikiɗe ya zama makamashi, sai lissafi ya ba da adadin da ya yi daidai da ƙarfin da zai watsa ɓangarorin. Wannan shi ne bayani na farko na tsagewar ƙwayar zarra, tushen tashoshin lantarki na nukiliya da kuma bam ɗin nukiliya. Takardarsu ta fito a mujallar Nature a watan Fabrairu na 1939.

Takardar Hahn da Strassmann kuwa ta riga ta fito a Jamus a watan Janairu, babu sunan Meitner a kai. A nan dole mu yi adalci: a Jamus ta Hitila, sa sunan Bayahudiyar da ta gudu a kan takarda jefa kai ne cikin halaka. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan yaƙi. A watan Nuwamba na 1945 aka sanar cewa lambar Nobel ta Kemistiri ta shekarar 1944 ta Otto Hahn ce shi kaɗai. Tsoro ya riga ya kau, amma Hahn ya ci gaba da nuna cewa Kemistiri ce ta yi aikin, Fiziks ba ta taimaka ba. Mutane da dama suka riƙa ambaton Meitner a matsayin mataimakiyarsa, alhali ita ce shugabar sashenta. A babban gidan tarihin kimiyya na birnin Munich an shekara da shekaru ana nuna kayan gwajin a kan wani tebur da aka rubuta wa suna teburin aikin Otto Hahn. An gabatar da sunanta don lambar Nobel fiye da sau arba'in, ba ta samu ba. An gayyace ta aikin ƙera bam a Amurka ta ƙi. Ta rasu a Kambirij ta Ingila a 1968. Sai a 1997 aka tabbatar wa sinadari na 109 suna meitnerium, shekara ashirin da tara bayan an binne ta.

Da a ce ita kaɗai ce, da sai mu ce tsautsayin zamanin yaƙi ne. To, ga Chien-Shiung Wu, wadda aka haifa a ƙasar Sin a 1912, 'yar wani mutum da ya buɗe makarantar 'yan mata a garinsu. Ta tafi Amurka a 1936, ta zama gwanar gwaji a Jami'ar Columbia. A wancan lokaci masana sun yi imani cewa dokokin halitta ba su bambanta dama da hagu, wato duk abin da ya faru, hotonsa na cikin madubi ma zai iya faruwa daidai wa daida. A 1956 wasu masana biyu, Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang, suka kawo shakka a kan haka, amma a takarda kawai. Wu ce ta tsara gwajin da zai raba gardama. Ta fasa wata tafiya da ta shirya da mijinta, ta haɗa kai da masana na wata cibiyar gwamnati a Washinton, suka sanyaya sinadarin kobal-60 har kusa da iyakar sanyin da zai yiwu, suka jera ƙwayoyinsa su fuskanci gefe guda da ƙarfin maganaɗisu. Sai aka ga ƙwayoyin lantarkin da ke fita sun fi yawa ta gefe ɗaya. Ashe halitta ta san dama da hagu. A 1957 aka ba Lee da Yang lambar Nobel. Wadda ta mai da zato ya zama sani ba ta cikin jerin.

Ga kuma Jocelyn Bell, 'yar Ailan ta Arewa, ɗalibar digirin dakta a Kambirij. Ta shekara biyu tana cikin masu kafa turaku da jan waya don gina wata na'urar sauraron sararin samaniya mai faɗin fiye da eka huɗu. Na'urar kan fitar da doguwar takarda mai zane-zane, kimanin mita talatin kowace rana, kuma ita ke bin ta da ido. A 1967 ta lura da wani ɗan tabo da bai kai faɗin farce ba, wanda ke dawowa daga wuri guda a sama. Ta nace a bi shi, aka tarar sigina ce mai bugawa kamar zuciya, sau ɗaya a kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi. Wani sabon nau'in tauraro ne da ba a taɓa sani ba, wanda ake kira falsa. A 1974 aka ba malaminta Antony Hewish da Martin Ryle lambar Nobel. Ita dai ta sha faɗin cewa ba ta riƙe kowa a zuci ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta sadaukar da ita duka don ɗaukar nauyin karatun Fiziks na ɗalibai mata da 'yan gudun hijira da sauran waɗanda ba a cika gani a fagen ba.

Jerin yana da tsawo. Emmy Noether ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Göttingen ta Jamus da sunan David Hilbert a jadawalin darasi, domin an ƙi ba mace izinin koyarwa, alhali ƙa'idar da ta wallafa a 1918 tana cikin ginshiƙan Fiziks na zamani. Cecilia Payne ta nuna a kundinta na 1925 cewa mafi yawan jikin taurari haidurojin ne da hiliyom, wani babban masani ya sa ta sassauta maganar, bayan shekara huɗu shi ma ya iso inda ta tsaya. Daga 1901 zuwa 2024 an ba mutum fiye da ɗari biyu lambar Nobel ta Fiziks, mata biyar ne kacal a ciki: Marie Curie a 1903, Maria Goeppert Mayer a 1963, Donna Strickland a 2018, Andrea Ghez a 2020, sai Anne L'Huillier a 2023. Wata masaniyar tarihi, Margaret Rossiter, ta raɗa wa wannan ɗabi'a ta danne aikin mata suna a 1993. Hausawa kuwa sun daɗe da nasu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne malamin adabi ke da ta cewa, domin tarihin kimiyya ma labari ne, kuma mun san halin labari. Labari yana son tauraro ɗaya. Duk lokacin da aka sake ba da shi sai ya rage kaya, kuma abin da yakan fara yarwa shi ne sunan wanda ba shi da mai tsaya masa. Kwamiti yakan zauna sau ɗaya ya yi kuskurensa ya tashi. Amma marubucin littafin makaranta ya kwafa daga kwamiti, malami ya kwafa daga littafi, har abin ya iso wani aji a ƙasarmu a matsayin hujja cewa mata ba su gano komai ba. Malamin 'yarmu bai ƙirƙiri ƙarya ba, jerin da ya gada ya karanta. Magabatanmu malaman hadisi sun gane haɗarin wannan, shi ya sa ba sa karɓar magana sai da isnadinta, wane daga wane, kuma ba su jefar da sunayen mata daga cikin sarƙar ba.

Muna cikin wannan zafin rai ne, muna karanta wa uwargida labarin teburin Munich, sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, ɗauko kundinka mana." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kundin digirinmu na uku a kan waƙoƙin mata ne na daka da niƙa da reno. Namiji baligi ba ya shiga gidajen da ake yin waɗannan waƙoƙi. Ita ce ta shiga, da goyo a bayanta da rakoda a hannu, gida fiye da talatin a ƙauyukanmu. Ita ta san wadda za a gaisar da goro da wadda za a kai wa sabulu. Ita ta zauna ta juye muryoyin zuwa takarda, ta warware mana habaicin da ke tsakanin kishiyoyi wanda da mun ɗauke shi a kan fuskarsa. Babi na huɗu, wanda masu jarrabawa suka fi yabawa, daga wata magana tata ya tsiro. Muka buɗe shafin godiya. Mun gode wa malamanmu da cikakkun sunayensu da muƙamansu, har da direban da ya kai mu. A layin ƙarshe muka ce muna godiya ga iyalinmu saboda haƙurin da suka yi. Matan da suka rera waƙoƙin kuwa, a jikin kundin sun zama "wata tsohuwa" da "wata matar aure", kowace da lambarta.

Mun so mu kare kanmu da alkunya. Ai a al'adarmu ba a bayyana sunan matar aure a bainar jama'a, kamar yadda ba mu kiran sunan 'yarmu ta fari, har a wannan rubutu ma ba mu kira ba. Uwargida ta ce, "Ka tambaye su?" Ba mu tambaye su ba. Ta ce akwai wadda ta ja kunnenta cewa a faɗa wa mutanen jami'a wannan waƙa tata ce, ita ta ƙaga ta, ba gado ta yi ba. Sakaya suna don girmamawa daban, cire suna daga kan aikin mai shi daban, kuma mun san da haka tun a lokacin, sai dai ya fi mana sauƙi kada mu sani. Otto Hahn yana da uzurin Hitila na 'yan shekaru. Mu ba wanda ya tsare mu da bindiga.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafin rubutu mai bangon shuɗi. Ashe duk ta rubuta: sunan kowace mace, da na garinsu, da ranar da aka ɗauki muryarta, da waƙar da ta yi. Mun ƙirga waɗanda muka san sun riga mu gidan gaskiya, sun kai tara. Mun ƙudura cewa hutun da ke tafe za mu je gida mu biyu, ta shiga ta nemi izinin masu rai da na magadan waɗanda suka rasu. Wadda ta yarda, sunanta zai fito a saman waƙarta a littafin da muke shirin fitarwa daga kundin, kuma bangon littafin zai ɗauki suna biyu. Ɗalibanmu na ajin ƙarshe da ke shirin fita tattara bayanai, mun riga mun gaya musu cewa ba za mu karɓi kundin da aka rubuta "wata tsohuwa" a cikinsa ba, sai in ita ce ta nemi a sakaya ta.

Ita kuwa mai tambaya, mun kira ta wani dare muka ba ta amsar da ta makara da mako uku. Muka ba ta labarin ɗakin kafinta da zoben lu'ulu'u, da na madubi, da na ɗan tabon da ke kan takarda. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauki fensir ta buɗe shafin nan na ma'aunai, ta rubuta sunayen a gefe ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarmu yadda ake rubuta kowane. Da ta gama ta ce, "Baba, ka ce Meitner ta lissafa gibin nauyin. Yaya ta yi lissafin?" Muka ce wannan kam sai ta je ta koyo ta zo ta koya mana. Ta ce to. Allah Ya ba ta iko, mu kuma Ya ba mu ikon mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa tun yana da rai, amin.